Hawan Dokin Aro: Neman Mota Mai Daɗin Tuƙi a Kasuwar Haya ta Amurka

A mafi yawan shagunan dillancin motoci na Amurka, daga Hustan zuwa Atlanta har bayan garin Shikago, baƙo ba ya gama zagaya motar da ta ɗauki hankalinsa kafin mai sayarwa ya jefa masa tambaya guda: nawa kake so ka riƙa biya a wata? Tambayar tana kama da tausayi, domin ta fara ne daga aljihun mai saye. Amma dillali ya san dalilin da ya sa yake yin ta. Da zarar mutum ya ce dala 400, ciniki ya tashi daga kan farashin mota ya koma kan lamba ɗaya tak, kuma akwai hanyoyi da dama na kai lissafi ga wannan lamba ba tare da an rage masa ko senti ɗaya ba. Ana iya ƙara kuɗin kafin alƙalami, ana iya rage nisan tafiyar da aka yarje masa, ana kuma iya ƙara watannin biya.

Wanda wannan tambaya ta fi cutarwa shi ne mutumin da ke son motar da zai ji daɗin tuƙa ta, ga shi kuma albashinsa matsakaici ne. Matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka ya kai wajen dala 50,000 a 'yan shekarun nan, kuma kusan ɗaya daga cikin kowace sababbin motoci huɗu tana fita daga shago ne ta hanyar haya ta dogon zango, galibi ta shekara uku, wadda a ƙarshenta ake mayar wa kamfani kayansa. Mai dala 400 zuwa 500 a wata zai iya samun biyan bukata a wannan kasuwa, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ya gane cewa abin da yake biya a haya shi ne faɗuwar darajar mota. Na biyu, ya yarda cewa daɗin tuƙi yana cikin sauƙin nauyi da biyayyar mota ga hannun direba, abin da ƙananan motoci suka fi manya iyawa. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin biyun zai ɗaure kansa shekara uku da motar da ko dai ta fi ƙarfin aljihunsa, ko kuma ba ta ba shi abin da ya je nema ba.

Abin da mai haya ke biya

A hayar dogon zango, motar ba ta dillali ba ce kuma ba ta direba ba ce. Dillali yana sayar da ita ga banki ko ga reshen kuɗi na kamfanin da ya ƙera ta, shi kuma wannan ya ba direba haya. Kuɗin wata yana fitowa ne daga lambobi uku: farashin da aka daidaita a kai, da ragowar daraja, wato abin da bankin ya ƙiyasta motar za ta yi a ranar da za a dawo da ita, sai kuma ma'aunin kuɗin ruwa.

Misali zai fi bayani. A ɗauka mota ce mai farashin kamfani dala 32,000, an yi ciniki an tsaya a kan 31,000. Banki ya ƙiyasta cewa bayan wata 36 za ta riƙe kashi 60 cikin ɗari na farashin kamfani, wato dala 19,200. Abin da zai zube daga darajarta ke nan dala 11,800, wanda in an raba shi gida 36 zai ba da kimanin dala 328 a wata. Sai kuɗin ruwa. Ana rubuta ma'auninsa da wata 'yar ƙaramar lamba, kamar 0.0025, a ninka ta da jimillar farashin ciniki da ragowar daraja. A nan jimillar dala 50,200 ce, kuɗin ruwan kuma kimanin dala 125 a wata. Gaba ɗaya dala 453 ke nan kafin haraji.

Yanzu a kawo wata motar mai farashi iri ɗaya, ciniki iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, sai dai banki ya ce kashi 50 kawai za ta riƙe. Faɗuwar darajarta dala 15,000 ce, kuɗin watanta kuma ya tashi dala 534. Motoci biyu, farashi ɗaya a jikin gilashi, amma tsakaninsu akwai dala 81 kowane wata, kusan dala 2,900 a shekara uku. Wannan ne ya sa farashin da ke manne a jikin mota ba ya gaya wa mai haya abin da zai biya. Motar da kasuwar hannu ta biyu ke rububinta tana iya zama mai rahusa a haya fiye da wadda ta fi ta sauƙin farashi amma ba a waiwayenta bayan shekara uku.

Ita kuwa 'yar ƙaramar lambar nan ta ruwa, ƙanƙantarta ce ke ɓoye girmanta. Idan aka ninka ta da 2,400 za a sami kimanin kuɗin ruwa na shekara: 0.0025 daidai yake da kashi 6 cikin ɗari. Dokar tarayya ta hayar kayan masu saye, wadda aka kafa a 1976, ta wajabta a rubuta wa mai haya kuɗin da zai biya ranar sa hannu, da ragowar daraja, da jimillar kuɗin ruwan da za a caje shi, amma ba ta wajabta a nuna masa ruwan a matsayin kashi cikin ɗari ba, kamar yadda ake yi a takardar bashi. Kuma sau da yawa dillali yana da damar ɗora wani abu a kan ma'aunin da banki ya ba shi, ya riƙe bambancin. Mai haya zai iya gano lambar da kansa: ya raba jimillar kuɗin ruwan da yawan watanni, sa'annan ya raba abin da ya samu da jimillar farashin ciniki da ragowar daraja. Lissafin minti biyu ne da wayar hannu. Musulmin da ke taka-tsantsan da riba kuwa, ya dace ya kai takardar gaban malamin da ya san fiƙihun ijara kafin ya sa hannu, domin a hayar Amurka inshora da nauyin asarar mota suna wuyan mai haya, alhali a ijarar da malamai suka tsara nauyin mallaka yana kan mai kaya.

Daga cikin lambobin nan uku, ragowar daraja banki ne ke yanke ta, ba a ciniki a kanta. Farashi kuwa ana ciniki a kansa kamar yadda ake yi a saye, ko da yake mutane da yawa ba su san haka ba, suna zaton haya farashinta a yanke yake.

Tallan dala 299

Tallace-tallacen talabijin da allunan bakin hanya suna son lambobin da ke ƙarewa da 99. Abin da ke ƙarƙashinsu da ƙananan baƙaƙe shi ne labarin. Tallan da ya ce dala 299 a wata, amma ya nemi dala 3,600 kafin alƙalami, a haƙiƙa tallan dala 399 ne, domin 3,600 in an raba ta gida 36 dala 100 ce kowane wata. Bayan wannan akwai kuɗin buɗe takarda da banki ke karɓa a farko, wanda yakan kama daga wajen dala 600 zuwa sama da 1,000, da kuɗin mayar da mota a ƙarshe, galibi dala 350 zuwa 500. Haraji ma ya danganta da jiha. Jihohi da yawa suna ɗora shi a kan kuɗin wata, Niyok tana karɓarsa gaba ɗaya tun farko a kan jimillar kuɗin hayar, Teksas kuwa tana lissafa shi a kan cikakken farashin motar.

Kuɗin kafin alƙalami a haya yana da wani hatsari da bai da shi a saye. Idan aka sace motar ko ta yi hatsarin da ba ta gyaruwa a wata na uku, kamfanin inshora zai biya mai motar, wato banki, kuma kuɗin da direba ya zuba a farko galibi sun tafi ke nan. Saboda haka ya fi aminci a bar kuɗin wata ya ɗan hau, a riƙe dubban dalolin a asusu. Ya kamata kuma a duba ko takardar ta ƙunshi inshorar cike giɓi, wadda ke biyan bambancin da ke tsakanin abin da inshora ta biya da abin da banki ke bin mutum. Wasu kamfanoni suna haɗa ta cikin haya, wasu ba sa haɗawa.

Hanyar da ta fi gaskiya wajen kwatanta tayi biyu ita ce a tara duk abin da zai fita daga aljihu, tun daga ranar sa hannu har ranar mayar da makulli, a raba da yawan watanni. Masu bin diddigin wannan kasuwa suna da wani ma'auni na baka: in kuɗin wata bai wuce kashi 1 cikin ɗari na farashin mota ba, kuma ba a zuba kuɗi da yawa a farko ba, an yi ciniki mai kyau. Tun da Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na 2022, har ya kai shi sama da kashi 5 a tsakiyar 2023, wannan ma'auni ya yi wuyar samu, amma har yanzu yana taimaka wa mutum ya san nisan da tayin da ke gabansa ya yi da rahusa.

Inda daɗin yake

Kuskuren da ya fi tsada shi ne auna daɗi da ƙarfin inji ko da tambarin da ke goshin mota. Gudun da ya fi kowanne yawa da doka ta yarda da shi a Amurka mil 85 ne a sa'a, a wani yanki na babbar hanya mai lamba 130 a Teksas. Mafi yawan manyan hanyoyi suna tsayawa tsakanin 65 zuwa 75. Motar da ke da ƙarfin doki 500 tana kaiwa wannan iyaka cikin 'yan daƙiƙoƙi, daga nan kuma direbanta ba shi da sauran aiki sai ɗaga ƙafa daga totur da duba madubi ko ɗan sanda na biye. Ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da rabinsa ba.

Hanyoyin da masoya tuƙi ke yin tattaki dominsu ma ba na gudu ba ne. Shahararriyar hanyar nan da ake kira Wutsiyar Dodo, a kan iyakar jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa, tana da kwana 318 a cikin mil 11, kuma iyakar gudu a yawancinta mil 30 ne a sa'a. A irin wannan hanya abin da ke sa mutum murmushi shi ne sitiyarin da ke gaya wa tafin hannu abin da tayoyin gaba ke ciki, da birkin da ke kamawa daidai gwargwadon taku, da motar da ke juyawa a lokacin da aka ce ta juya. Nauyi shi ne babban abokin gābar duk waɗannan. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus a Ingila, ya gina sunansa a kan ra'ayin cewa ƙarin ƙarfi yana taimako ne a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai, rage nauyi kuwa yana taimako a ko'ina.

Motar da ta fi kowace tsayawa a kan wannan ra'ayi a farashin talaka ita ce Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata. An fara nuna ta a bajekolin motoci na Shikago a watan Fabrairu na 1989, da inji mai ƙarfin doki 116 kacal, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Injiniyoyinta sun ɗauko takensu daga tsohuwar al'adar Japan ta harbin kibiya a kan doki, kalmar da ke nufin mahayi da dokinsa sun zama jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin gwanin mahayi yana juya angarma da ɗan motsin linzami a hawan daba ya san abin da ake nufi. Miata ta yau tana da ƙarfin doki 181, nauyinta bai kai kilo 1,100 ba, kuma rufinta yana buɗewa da hannu ɗaya. Tana da nata aibi: kujera biyu ce kawai, but ɗinta ba ya ɗaukar fiye da ƙananan jakunkuna biyu, kuma dogon mutum zai iya jin kansa a takure.

Kusa da ita akwai tagwayen nan, Toyota GR86 da Subaru BRZ, waɗanda kamfanonin biyu suka haɗa hannu suka ƙera. Injinsu lita 2.4 ne mai ƙarfin doki 228, tayoyin baya ne ke tura su kamar Miata, nauyinsu bai kai kilo 1,300 ba, kuma suna da kujerun baya da suka fi dacewa da jaka a kan mutum. Mai iyali kuwa yana da Honda Civic Si, mai ƙofa huɗu da ƙarfin doki 200, wadda ba a sayar da ita sai da giyar hannu. Akwai kuma Volkswagen Golf GTI, wadda tun 1976 take nuna cewa motar cefane ma tana iya zama abin nishaɗi. Ta yanzu tana da ƙarfin doki 241, sai dai bayan samfurin 2024 an daina yin ta da giyar hannu. A 2025 duk waɗannan farashinsu na farko ya kama daga kimanin dala 30,000 zuwa 35,000, ƙasa ƙwarai da matsakaicin kasuwa, kuma da yawa daga cikinsu suna riƙe daraja saboda kullum akwai masu neman su a hannu na biyu.

Sai dai akwai gaskiyar da dole a faɗa. Kamfani yana sassauta haya ne a kan motar da ta ƙi fita daga shago, ko wadda yake son cika hanya da ita. Yakan rage kuɗin ruwa, ko ya ɗaga ragowar daraja sama da abin da kasuwa za ta bayar, ya ɗauki asarar. Ƙananan motocin nishaɗi ana ƙera su kaɗan, masu so kuma suna jira, don haka da wuya a yi musu irin wannan rangwame. Wani lokaci mota mai tsada daga kamfanonin Jamus irin su BMW, waɗanda suka daɗe suna dogara da haya wajen fitar da hajarsu, takan zo kusa da su a kuɗin wata. Motocin lantarki sun nuna wannan a fili: dokar 2022 ta ba da rangwamen haraji na dala 7,500 wanda kamfanoni suka riƙa miƙa wa masu haya, sai hayarsu ta faɗi warwas, har zuwa ƙarshen Satumba na 2025 da aka rufe wannan ƙofa. Darasin shi ne rahusar haya tana bin lissafin kamfani, tana kuma canjawa daga wata zuwa wata. Mai hankali yana zaɓen motoci uku ko huɗu da ya tuƙa ya ji daɗinsu, sa'annan ya bar lissafi ya raba gardama. Wanda ya fara da rahusa ya nemi daɗi daga baya yakan ƙare da babbar mota mai nauyin tan biyu, mai saurin tashi, wadda bayan wata guda ta zama kamar kowace.

Igiyar da ke ƙafar dokin aro

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma a hayar mota wurin da ya fi buɗewa shi ne nisan tafiya. Takardar haya tana ƙayyade mil nawa za a yi a shekara, galibi 10,000 ko 12,000 ko 15,000, kuma tallan da ya fi rahusa kusan kullum a kan mafi ƙaranci aka gina shi. Alƙaluman hukumar manyan hanyoyi ta tarayya sun nuna cewa matsakaicin direban Amurka yana yin kimanin mil 13,500 a shekara. Wanda ya sa hannu a kan 10,000 alhali tafiyarsa ta matsakaicin mutum ce, zai mayar da mota da rarar mil 10,500 bayan shekara uku. A kan senti 25 kowane mil, wanda yake cikin abin da aka saba caja, dala 2,625 ke jiransa a ranar mayar da makulli.

Ga mai neman daɗin tuƙi wannan ya wuce maganar kuɗi. Ya ɗauki mota ne don ya fita da ita ranar Asabar ba tare da wata bukata ba, ya bi doguwar hanya ya bar gajeriya. In ya sami kansa yana duban mita yana fasa fita, to ya yi hayar abin da yake tsoron amfani da shi. Sayen ƙarin mil tun farko ya fi sauƙi a kan biyan tara a ƙarshe, saboda haka lissafin gaskiya shi ne tafiyar aiki da ta gida, a ɗora mil dubu biyu ko uku na yawo a kai.

Akwai sauran igiyoyi. Banki yana wajabta cikakkiyar inshora, kuma kamfanonin inshora suna ɗora wa matashi mai motar wasanni kuɗi mai nauyi, wanda zai iya cinye duk abin da aka samu a ciniki. Ya kamata a nemi farashin inshora kafin a sa hannu. Tayoyin da ke ba da riƙon hanya mai kyau suna saurin cinyewa, kuma in an mayar da mota da taya sulɓi za a caji kuɗin sababbi. Wanda ke zaune a jihar ƙanƙara irin Minesota kuma ya zaɓi motar da tayoyin baya ke turawa, zai bukaci tayoyin hunturu daban. Ba a yarda a sauya wa mota siffa ba sai in za a mayar da ita yadda take, kuma inshorar yau da kullum galibi ba ta biyan hatsarin da ya faru a filin tsere. Mafi tsanani shi ne fita kafin lokaci. Wanda aiki ya kuɓuce masa a wata na goma ba ya iya ajiye makulli ya tafi. Warware haya da wuri yakan ci dubban daloli, rashin biya kuma yana ɓata makin amincin bashi, wanda a Amurka da shi ake neman gidan haya da bashin gida. Baƙon da bai daɗe da shigowa ƙasar ba, wanda makinsa bai kafu ba, shi ne kuma wanda ba zai sami ruwan da ke cikin talla ba, domin an tanade shi ga masu maki mai kyau.

Hujjar masu cewa a saya

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba ta ture wa da sauƙi. In motar tana riƙe daraja, in ji masu wannan ra'ayi, me ya sa za a bar wa banki amfanin? A saye ta, a biya bashin cikin shekara biyar, a ci gaba da hawa shekara biyar ba biyan komai. Mai haya kuwa kullum yana biyan shekaru ukun farko, waɗanda su ne mafi tsada a rayuwar mota, kuma bai taɓa mallakar ko ƙusa ba.

A lissafin shekara goma suna da gaskiya, kuma duk wanda ya san motar da yake so, ya kuma san zai zauna da ita, saye ya fi masa. Har ma akwai hanya ta uku da ta fi duka sauƙi: sayen motar da wani ya gama hayarta, mai shekara uku, wadda wani ya riga ya biya faɗuwar darajarta. Irin waɗannan motoci ne ke cika kasuwannin gwanjo na dillalai a Amurka, kuma bayan sun ƙara sauya hannu wasu daga cikinsu ne ke hawa jirgin ruwa su sauka a Kwatano ko Legas.

Amma haya tana sayar da wani abu da saye ba ya bayarwa, wato sanin iyakar asara. Garantin Mazda da Toyota da Honda na gaba ɗaya shekara uku ne ko mil 36,000, daidai tsawon haya, saboda haka babban gyara ba ya hawa kan mai haya. In darajar motar ta faɗi fiye da yadda aka ƙiyasta, asarar ta banki ce. In kuma ta tashi, mai haya yana da damar sayen ta a kan ragowar darajar da aka rubuta tun farko. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙwaƙwalwar lantarki ya tsayar da masana'antu kuma farashin motocin hannu ya yi tashin gwauron zabi, masu haya da dama sun sayi motocinsu a tsohon farashi suka sayar da riba. Ga wanda bai tabbata zai iya rayuwa da mota mai kujera biyu ba, ko wanda ya san aure ko haihuwa za su sauya bukatarsa nan da shekara uku, wannan sanin iyaka yana da daraja. Haya ta dace da shi in tafiyarsa ba ta da yawa, albashinsa tsayayye ne, kuma ya karɓi cewa yana biyan kuɗin nishaɗi ne kamar yadda ake biyan kuɗin kowane nishaɗi.

Yadda za a amsa wa dillali

Tsarin da ke kare mai haya yana farawa ne nesa da tebur. Ya fara tuƙa motocin, kuma ya nemi a bar shi ya bi hanya mai kwana, domin a miƙaƙƙen titi duk motoci kusan ɗaya suke. Ya nemi farashin inshorar kowacce. Ya lissafa tafiyarsa ta bara daga takardun sabis, ya ƙara na yawo. Daga nan ya rubuta wa dillalai uku ko huɗu ta imel, ya nemi abu huɗu a rubuce: farashin sayarwa, ragowar daraja, ma'aunin ruwa, da duk abin da za a biya ranar sa hannu. Dillalin da ya ƙi rubutawa ya riga ya ba da amsa. In lissafi ya wuce abin da ya tanada, ya sauka zuwa samfurin farko na motar, domin a waɗannan ƙananan motoci inji ɗaya ne galibi daga ƙasa har sama, ƙarin kuɗin na kujerar fata ne da lasifika da irinsu. In har yanzu bai kai ba, ya jira wata mai zuwa, tun da tayin kamfanoni yana sauyawa, ko ya koma kasuwar hannu ta biyu.

Idan ya isa shago aka tambaye shi nawa yake so ya riƙa biya a wata, ba sai ya ambaci lamba ba. Ya ce a fara tsayar da farashin mota, a nuna masa ragowar daraja da ma'aunin ruwa, kuɗin wata kuma zai lissafa da kansa.